Kafin ka kai wayarka a canza mata uwar manhaja: GrapheneOS, LineageOS, /e/OS da sauransu a ma'aunin Bakano

Mutum biyu suka yi mini tambaya kusan iri ɗaya a cikin wata guda, amma da na saurare su sai na ga ba abu ɗaya suke tsoro ba. Ta farko ƙanwata ce. Wata ƙawarta ta ci bashi a ɗaya daga cikin manhajojin nan masu ba da rance ta waya, biya ya yi jinkiri, sai ga saƙon cin mutunci yana shiga wayar duk wanda lambarsa ke wajen yarinyar, har da surukarta. Ƙanwar tawa ta ce, "Yaya, wai babu wayar da mutum zai riƙe ba a leƙa masa ciki ba?" Na biyu maƙwabcina ne mai shagon atamfa a Kantin Kwari. An ƙwace masa waya a adaidaita sahu bayan magariba, kafin gari ya waye an taɓa masa kuɗi a banki. Shi cewa ya yi, "Malam, an ce akwai wata manhaja da ake sa wa waya ta gagari ɓarawo."

Ita sirri take nema: kada manhajojin da ta saka da hannunta su kwashe lambobinta da hotunanta da inda take zuwa. Shi tsaro yake nema: kada wanda ya riƙe wayar a hannunsa ya iya shiga. Masu tallata sababbin uwayen manhaja sukan cuɗa abubuwan nan biyu wuri guda, alhali akwai manhajar da za ta ƙara maka sirri ta rage maka tsaro. A garin da ƙwacen waya ya zama ruwan dare, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Uwar manhaja ita ce abin da ke tafiyar da wayar gaba ɗaya, wadda WhatsApp da TikTok da manhajar banki suke zaune a kanta. Kusan kowa a Kano Android yake riƙe da ita, sai masu iPhone. Waɗanda ake kira madadinsu gida biyu ne. Gida na farko 'ya'yan Android ne. Google yana sakin ƙashin Android kyauta ga duk mai so, su kuma sai su ɗauka su cire abin da ba sa so, su ƙara nasu. Nan GrapheneOS da CalyxOS da LineageOS da /e/OS suke. Gida na biyu ba Android ba ne sam, Linux ce irin ta kwamfuta aka matse ta shiga waya: Ubuntu Touch, da Sailfish OS, da postmarketOS.

Bari in sallami gida na biyu da wuri. Ubuntu Touch kamfanin Canonical ya fara ta, ya yar da ita a 2017, masu sa kai na UBports suka ɗauka suna ci gaba. Sailfish ta kamfanin Jolla ce a ƙasar Finlan, tsofaffin ma'aikatan Nokia suka kafa shi, kuma ɓangarenta da ke iya gudanar da manhajojin Android na kuɗi ne, an fi sa ta a wasu wayoyin Sony Xperia. Ita postmarketOS, wadda aka fara a 2017, burinta waya ta shekara 10 tana aiki. Buri ne mai kyau. Amma a cikinsu babu wadda WhatsApp zai zauna mata kai tsaye sai da dabara, balle manhajar banki. Wanda cinikinsa ke tafiya ta WhatsApp da tiransifa ba shi da abin yi da su. Ɗalibin kwamfuta a BUK da ke da tsohuwar waya a durowa, wannan ya gwada, zai koyi abu mai yawa. Shi ke nan.

Yanzu 'ya'yan Android. Abin da mutane ba sa son ji shi ne ba kai kake zaɓar manhajar ba, wayar da ke hannunka ce take zaɓar maka. Ka shiga Farm Centre ko Beirut Road ka duba abin da ke cikin gilasan shaguna: Tecno, Infinix, Itel, sai Redmi da Samsung. Ukun farko duk na kamfanin Transsion ne, kuma ba za ka gan su a jerin wayoyin da waɗannan manhajoji suka amince da su a hukumance ba. GrapheneOS wayoyin Google Pixel take bi. CalyxOS ta ɗan faɗaɗa: Pixel, da Fairphone, da wasu Motorola. LineageOS ce mai yawan dangi, tana hawa wayoyi da dama na Xiaomi da OnePlus da Motorola da Sony da tsofaffin Samsung, sai /e/OS da aka gina a kanta ta gaji da yawa daga cikinsu.

To mai Tecno fa? Zai samu wani yaro mai kaifin hannu ya ce zai sa masa. Abin da zai sa masa fayil ne da wani wanda ba a san ko waye ba ya haɗa ya zuba a Telegram. Ka gudu daga kamfanin da aƙalla an san adireshinsa, ka miƙa wayar da ke ɗauke da asusunka ga wanda ko sunansa na gaskiya ba ka sani ba. Gudun gara ke nan aka faɗa gidan zago. Ga kuma abin da duk mai filashin ya sani game da wayoyi masu injin MediaTek: a yi kuskure kaɗan lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta goge, waya ta daina ganin sabis.

Maganar da ta fi kowace muhimmanci a nan ita ce ta butloda. Shi ne ɗan ƙaramin shirin da ke fara tashi idan ka kunna waya, aikinsa ya duba sa hannun da ke kan uwar manhaja, ya tabbatar ba a taɓa ta ba, sannan ya bar ta ta tashi. Ka ɗauke shi a matsayin ƙyauren soro. Ba yadda za a yi a shigo da sabuwar uwar manhaja sai an buɗe ƙyauren nan. Tambayar ita ce, bayan an shigo da ita, ƙyauren zai sake rufuwa?

A Pixel yana rufuwa. Google ya ƙera ta yadda za ta karɓi makullin wani ta kulle da shi, shi ya sa GrapheneOS da CalyxOS suke cewa lallai ka kulle bayan ka gama. Duk lokacin da ka kunna wayar za ka ga gargaɗi mai ruwan ɗorawa cewa wata manhaja daban ce ke tashi, amma binciken sa hannu yana nan yana aiki. A LineageOS kuwa, a mafi yawan wayoyi ƙyauren a buɗe yake zama har abada, su da kansu ba sa ba da shawarar a kulle, don wayar na iya mutuwa. Haka /e/OS take a yawancin wayoyi, in ban da kaɗan irin Fairphone da kamfanin Murena ke sayarwa da ita a ciki.

Buɗaɗɗen butloda ba yana nufin ɓarawo zai karanta saƙonninka nan take ba, bayananka suna nan a kulle da lambar sirrinka. Haɗarin yana wajen wanda zai riƙe wayar na ɗan lokaci ya dawo maka da ita. Zai iya dasa wani abu a cikin uwar manhajar da zai ɗauki lambar sirrin ran da ka danna ta, wayar kuma ba za ta yi ƙorafi ba tunda mai gadin ƙofa ya daina dubawa. Bature zai ce yaushe wayata za ta bar hannuna. Mu kuwa da rashin wuta ke sa mu ajiye waya a shagon caji awa uku, mu bar ta kwana biyu wajen mai gyara, mu miƙa wa yaron shago ya tura hoton kaya, mun san sau nawa take barin hannunmu a mako.

Masu Samsung su ƙara da wannan: buɗe butloda yana ƙona wata 'yar alama ta Knox a cikin wayar, ba ta gyaruwa, kuma Secure Folder, ma'ajiyar sirri ta Samsung, ya tafi ke nan ko da ka mayar da manhajar asali. Samsung ɗin da aka yi wa kasuwar Amurka ma yawanci ba sa buɗuwa. Xiaomi kuwa sai ka nemi izini ka jira kwanaki.

Sai batun Google, wanda shi ne damuwar ƙanwata ko da ba ta san sunanta ba. A Android ta yau da gobe, hidimomin Google Play kamar maigida suke, makullin kowane ɗaki yana aljihunsu, ba sa neman izininka. Kowace daga cikin manhajojin nan da yadda ta yi da maigidan. LineageOS korarsa ta yi, ba ta zuwa da shi. Sai dai mutane da yawa da sun ga sanarwar saƙo ba ta shigowa, taswira ba ta aiki a wasu manhajoji, sai su sake dasa shi da cikakken ikonsa. Tsugune ba ta ƙare ba: ga Google ya dawo, ga ƙyaure a buɗe. CalyxOS da /e/OS suna amfani da microG, wani ɗan aike da aka rubuta daga tushe, yana sa rigar Google don manhajoji su ɗauka shi ne. Yana rage abin da ake turawa sosai, amma idan kana son sanarwar saƙo ta riƙa shigowa dole ya yi magana da na'urorin Google, kuma ba kowace manhaja ce rigar take ruɗa ba.

GrapheneOS wata hanya ta bi, kuma a ganina ita ce ta fi wayo. Ba ta zuwa da Google, amma idan kana so za ka saka na ainihi, sai dai a soro za a ajiye shi kamar kowane baƙo. Ba ya ganin lambobinka ko hotunanka ko inda kake sai ka ba shi izini, kamar yadda za ka ba wa ko ka hana kowace manhaja. Saboda na ainihi ne, yawancin manhajoji suna aiki lafiya. Kana ma iya buɗe ɗaki daban a cikin wayar ka zuba Google da TikTok da Facebook a can, ka bar babban ɗakinka babu su. Android ta saba ba da ɗakuna 4, GrapheneOS ta kai su 32, kuma kowane da nasa makullin.

Zan ɗan daɗe a kan GrapheneOS, don ita kaɗai ce ta amsa tambayoyin mutum biyun nan a lokaci guda. Daniel Micay, wani ɗan Kanada, ya fara aikin a 2014, an san shi da sunan CopperheadOS, aka samu saɓani da kamfanin a 2018, ya ci gaba da sunan GrapheneOS daga 2019. Ga ƙanwata, abin da zai fi burge ta shi ne dabarar da suka yi wa lambobin waya. Manhaja ta nace sai an ba ta izinin ganin lambobi, in ba haka ba ba za ta buɗe ba. A nan za ka iya sa ta ɗauka an ba ta, alhali lambar da ka zaɓa kawai take gani, ko ma ta ga littafin fayau. Haka ma ajiyar hotuna da fayiloli. Da ƙawar nan tana da wannan, da surukarta ba ta ga komai ba. Google ya hana manhajojin rance taɓa lambobi da hotuna tun 2023, hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye a Najeriya ma ta bi ta kansu tun 2022, amma wanda ya karɓi manhaja ta Xender ko ta wani adireshi da aka turo masa bai bi ta ƙofar Google ba balle dokar ta kare shi. Akwai kuma izinin intanet: za ka iya hana kowace manhaja hawa intanet gaba ɗaya. Tocila ko kalkuleta me ya haɗa su da intanet? CalyxOS ma tana da irin wannan katanga mai suna Datura, /e/OS kuma tana da sashe mai toshe masu bin sawu da ke ɓoye cikin manhajoji, har yana iya ba su wurin ƙarya a taswira. A fagen sirri zalla, su ma ba baya ba ne.

A fagen tsaro ne tazarar take fitowa. Waya tana da hali biyu. Idan aka kunna ta ba a sa lambar sirri ko sau ɗaya ba, makullan bayanan ba sa cikin ƙwaƙwalwarta, fasa ta yana da matuƙar wuya. Idan kuwa an taɓa buɗe ta sannan aka rufe gilashi, makullan suna nan a ciki, kuma a wannan halin ne na'urorin fasa waya suka fi cin nasara. GrapheneOS tana sake kunna wayar da kanta idan ta yi awa 18 ba a buɗe ba, kuma kana iya rage lokacin har zuwa minti 10. Bakin caja yana daina karɓar bayanai da zarar an kulle wayar, wuta kawai yake sha, abin da mai yawan zuwa shagon caji zai yaba. Lambobin da ke kan gilashi suna iya canza wuri duk lokacin da za ka danna, don mai leƙe ta kafaɗa a cikin adaidaita kada ya haddace tafiyar yatsanka. Ita Pixel ɗin kanta, daga 6 zuwa sama, tana da wani ɗan guntun tsaro mai suna Titan M2 da ke tsawaita jira duk lokacin da aka yi kuskuren lamba, shi ya sa lamba 6 da ba ta da alaƙa da ranar haihuwarka take isa. Takardun kamfanin Cellebrite, mai sayar wa hukumomi na'urar fasa waya, da suka fita fili a 2024 sun nuna sababbin Pixel masu GrapheneOS da aka sabunta suna cikin waɗanda suka gagare su.

A 2024 suka ƙara lambar tilas. Lamba ce ta biyu da za ka ajiye, idan aka tsare ka aka ce buɗe, ka danna ta, wayar ta share komai nan take ba dawowa, har da layin eSIM, wato layin da ake sa wa waya ba tare da katin sim ba. Samari suna jin wannan sai ido ya yi haske. Ni dai ina cewa a yi hankali. Mai ƙwace da wuƙa a hannu ba abokin gwajin fasaha ba ne, ranka ya fi waya. Kuma ɗan ƙaramin yaro a gida da ya ga ka rubuta lambar a takarda zai iya share maka lissafin shago na shekara. Wanda zai kunna ta sai ya tabbatar yana da kwafin bayanansa a wani wuri.

LineageOS ba ta yi alƙawarin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma bai kamata a zarge ta ba, don ba aikin da ta ɗauka ke nan ba. Ta tashi ne daga tokar CyanogenMod a ƙarshen 2016, aikinta raya wayar da kamfani ya yi watsi da ita. Redmi ɗin da ta tsaya a Android 10 za ta iya samun sabuwa, ba tallace-tallace, ba tarkacen da ke cinye batir. Alheri ne babba ga mai ƙaramin ƙarfi. Amma facin tsaro, wato gyaran da ake turowa don toshe ɓarakar da aka gano, kashi biyu ne: na Android ɗin kanta, wanda LineageOS za ta iya kawo maka, da na ƙananan shirye-shiryen da ke cikin ƙarafan wayar, masu tafiyar da sabis da Wi-Fi da Bluetooth, wanda sai kamfanin da ya ƙera injin zai iya fitarwa. Idan ya daina, babu mai iya toshe wannan ɓarakar. An yi wa gida sabon fenti da sababbin tagogi, rufin kuwa yana nan yadda yake. /e/OS, wadda Bafaranshe Gaël Duval da ya ƙirƙiri Mandrake Linux ya assasa, ta gaji wannan raunin, kuma masana tsaro sun sha sukarta kan jinkirin kawo faci. Abin da take da shi shi ne sauƙi: fuskarta a shirye take, shagon manhajojinta yana nuna maka yawan masu bin sawu da ke cikin kowace manhaja kafin ka sauke. Ga dattijon da ba ya son dogon saiti kuma Google ne kawai damuwarsa, tana da daɗin riƙo.

Wani abin dubawa shi ne wa ke bayan manhajar, kuma zai kai gobe? DivestOS, wadda mutum ɗaya ya riƙe shekaru, ta rufe a Disamban 2024. CalyxOS tana ƙarƙashin Calyx Institute a birnin Niyok, cibiyar da Nicholas Merrill ya kafa, mutumin da ya yi suna da kai ƙarar FBI kan takardar neman bayanan abokin cinikinsa a asirce. A Agustan 2025, bayan ya bar cibiyar, suka sanar da dakatar da fitar da sabuntawa na tsawon watanni. Da can ita nake nuna wa mai son tsaka-tsaki, kullallen butloda da microG. Yanzu duk wanda ya tambaye ni sai in ce ya fara shiga shafinsu ya ga ranar faci na ƙarshe da suka fitar wa irin wayarsa. Uwar manhajar da ba a sabuntawa, ko da sunan tsaro aka raɗa mata, ta fi ta kamfani haɗari.

Yanzu inda gizo ke saƙa: banki. Manhajojin kuɗi da yawa suna tambayar Google ta wata hanya mai suna Play Integrity ko wayar nan tana kan manhajar da ya amince da ita. Duk 'ya'yan Android ɗin nan ba sa cikin jerinsa. GrapheneOS tana cin matakin farko na jarrabawar, ba ta cin na biyu, shi ya sa biyan kuɗi ta hanyar kara waya da Google Wallet ba ya aiki a kanta. Waya mai buɗaɗɗen butloda ta fi shan wuya. Kowane banki da matakin da yake nema, kuma yana iya tsaurarawa rana ɗaya ba sanarwa. Saboda haka mai POS, da ɗan kasuwar da alat ke shigo masa daga safe zuwa dare, kada ya yi wa wayar sana'arsa wannan aiki kai tsaye. Ya sa a wata wayar daban, ya gwada kowace manhajar kuɗi da yake amfani da ita, har da wajen ɗaukar hoton fuska, ya yi mako biyu yana gani. Lambobin USSD suna aiki a kowacce, tunda ta layi suke bi. WhatsApp yana aiki a dukkansu, sai dai ajiyar hirarraki a Google Drive takan ba da matsala inda babu Google na ainihi, don haka a kwashe hira daga tsohuwar waya zuwa sabuwa kafin a goge komai.

Wanda ya yanke shawarar sayen Pixel, a nan ne ake yin asara. Yawancin waɗanda ke kasuwarmu na hannu ne, waɗanda ake kira Landan yus ko da daga Amurka suka zo. Pixel ɗin da kamfanin Verizon ya sayar butlodanta ba ya buɗuwa, kuma ba ka gane ta da ido. Kafin ka biya, ka haɗa ta da intanet a shagon, ka shiga saiti ka danna lambar gini ("Build number") sau 7 don sashen masu haɗa manhaja ya fito, ka nemi inda aka rubuta "OEM unlocking". Idan ya yi toka-toka ba ya dannuwa, ka ce, "Alhaji, a canza mini wata," ko ka haƙura. Sannan ka duba shekarunta. Pixel 5 da 4a da na ƙasa da su Google ya daina yi musu faci, arharsu tarko ce. Pixel 6 wa'adinta Oktoban 2026, Pixel 7 Oktoban 2027. Daga Pixel 8 aka fara alƙawarin shekara 7, ita za ta kai 2030, 8a kuma 2031, kuma daga 8 ɗin ne injin ya samu wata kariya ta ƙwaƙwalwa da GrapheneOS take amfani da ita wajen kama kutse. Idan aljihu zai iya, daga nan za a fara. Ka kuma san cewa ramin sim ɗaya gare ta, layi na biyu sai eSIM, sai ka je ofishin kamfanin layinka a mayar maka. Tana ɗaukar zafi, musamman 6 da 7, abin da za ka ji a jikinka a watan Afrilu. Gilashinta idan ya fashe ba kamar na Tecno ba ne da za a ciro maka a shago na gaba. Saka manhajar kuwa ba ya buƙatar mai filashin: daga shafin GrapheneOS ake yi da burauza da kebul mai kyau, kuma gara ka yi da hannunka, don wayar da ake so ta zama ta sirri ba a fara ta da hannun wani.

Akwai abin da babu ɗaya daga cikinsu da zai yi maka. Layinka yana haɗe da NIN tun umarnin da aka bayar a Disamban 2020, kamfanin sadarwa ya san sunanka, kuma ya san ƙarfen sabis da wayarka take magana da shi ko wace manhaja ke ciki. Abin da ka rubuta a Facebook da sunanka, Facebook ya gani. Wanda ya sa GrapheneOS sannan ya ɗora GBWhatsApp a kai, ya kuma miƙa wa Truecaller duk lambobinsa, ya gina katanga ne ya bar ƙofar baya a buɗe. Wayar da aka ƙwace kuma ba za ta dawo ba, za a iya goge ta a sayar ko a farke ta a sayar da kayan ciki. Abin da ake karewa shi ne abin da ke cikinta.

Ƙanwata Infinix take riƙe da ita, ban bar ta ta taɓa uwar manhajarta ba. Mun zauna mun bi izinin manhajoji ɗaya bayan ɗaya, muka cire na lambobi da na wuri da na makirfo daga duk wadda ba ta da hujja, muka goge abin da ya zo ta Xender, muka kashe tarkacen da wayar ta zo da su waɗanda za a iya kashewa, muka kunna kullen gane sata da Google ya fito da shi a 2024 wa Android 10 zuwa sama, wanda ke rufe gilashi idan ya ji an fizge waya an ruga. Mai iPhone ma ba shi da dalilin sauya sheƙa don tsaro kawai: ya kunna kariyar wayar da aka sace da ta zo a iOS 17.3, ya riƙa sabuntawa, ya riga ya fi mai LineageOS a buɗaɗɗen butloda nesa.

Maƙwabcina yana da halin sayen Pixel 8, kuma ya ce zai saya ya bar wata ƙaramar waya a shago don alat. Amma da muka bi diddigin abin da ya same shi, ba wayarsa aka fasa ba. Sim ɗin aka zare aka sa a wata 'yar rakani-kashi, saƙonnin banki da lambobin tabbatarwa suka riƙa shigowa hannun ɓarayin. Ko GrapheneOS ce a wayar, haka za ta faru, tunda layin ba shi da makulli. Ranar da ya karɓo layinsa na ce ya zo da katin da sim ɗin ya fito a jiki, saboda lambar PUK da ke bayansa, don idan aka yi kuskure sau 3 layin yana rufewa sai da ita. Muka shiga saiti muka sa wa sim ɗin lambar sirri, ya kashe wayar ya kunna, ta tambaye shi lamba kafin sabis ya hau. Ya dube ni ya ce, "Malam, dama abin nan yana ciki tun tuni?"